Hayaƙin da Ban Rubuta Ba

Mabai,
Ƙaramar Hukumar Kankara,
Jihar Katsina.

Zuwa ga ƙanena Abubakar Sadiƙ,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'yan ɗaki ɗaya, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya ƙalau, kai da malamanka da duk wanda ke kyautata maka a can Malesiya. Allah ya ƙara basira, ya raba ka da ciwon baƙunta, ya sanya albarka a cikin wahalar da kake sha yau shekara huɗu ke nan. In ka tambaye mu, muna nan lafiya, sai godiyar Ubangiji.

Damina ta yi mana kirki bana. An yanke gero, dawa ta fid da kai, masarar yayanka Rabo ta gonar fadama kuwa har mutane ke tsayawa kallo, shi kuma sai hura hanci yake kamar shi ya sauko da ruwan. Matarsa Ummu Salma ta sauka lafiya, an samu namiji, an sa mashi Bilyaminu, muna ce mashi Bilya. Kunnuwanka ya kwaso gaba ɗaya, Allah ya ba shi haƙurin ɗaukarsu. Ɗiyata Amatullah ta shiga aji biyu na ƙaramar sakandare, ta yi tsawo har ta kusa kamo ni, bakin nan nata kuwa sai abin da ya ƙaru, ban san inda ta gado shi ba. Zancen daji ka san yadda yake, wani mako a ji shiru, wani mako a ce an tare hanyar Faskari. Gonakin nesa dai bana ma an bar su. Muna ta addu'a.

Baba jikinsa lau, yana cin tuwonsa, yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Ido ne dai. Na hagu ka san ya riga ya tafi, na dama kuma tun bayan azumi ya fara dushewa. Rabo ya kai shi Katsina, likita ya ba da maganin ɗigawa, ya ce ba zai dawo da abin da ya tafi ba, sai dai ya ja wa sauran kwana. Ban gaya maka a waya ba don kada in dagula maka karatu. Tun da ka ce saura mako uku ka tsaya gaban malamai ka kare aikinka, in an ida kuma ka kamo hanyar gida, Baba bai da wata hira sai wannan. Ya gaya wa liman, ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa wanda bai tambaye shi ba. Cewa yake shi dai ya ga fuskarka da sauran idon nan, daga nan in ya so ya rufe.

To Sadiƙ, ba labarin gero ya zaunar da ni da biro ba. Sau uku ina ɗaukar waya in kira ka, sau ukun kuma da na ji muryarka sai in ɓige da tambayar ko kana cin abinci. Ka san yayarka ba ta rasa baki ba, ni da ake cewa ko a gidan makoki sai an ji muryata, amma wannan magana ta fi ƙarfin bakina. Shi ya sa na rubuta, Rabo zai ɗauki hoton takardar ya tura maka in ya shiga Kankara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na yi maka ƙarya a takardun sauron da na tara maka, kuma ina tsoron bisa ƙaryar nan ka aza abin da za ka je ka kare. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka kira ni.

Ka tuna daminar shawara, shekara uku da suka wuce, lokacin da idanun mutane suka riƙa komawa ruwan ɗorawa, daga nan Mabai har Yargoje, har ƙauyukan Faskari da Sabuwa. Ka zo gida a gurguje da akwatin sanyi, da 'yan kwalabe masu ruwa a ciki, da wani bututun roba mai matata a tsakiya wanda ake zuƙo sauro da shi da baki. Kwana goma kawai aka ba ka. Ka gwada shiga gidaje da kanka, aka tsaida ka a zaure kamar kowane namiji, alhali sauron da kake nema, mai ɗigon fari a ƙafa, mai cizo da rana, can yake laɓe ƙarƙashin gadon mata, da bayan jeren kwanoni, da gefen randa. Sai ka dawo wurina. Ka ce shekara tara ina yawon rigakafi gida-gida, babu ɗakin da aka taɓa hana ni shiga, kuma na san riƙon akwatin sanyi. Na yi ta yi maka tsiya, na ce duk ilimin duniya ka rasa abin da za ka haye teku ka karanta sai sauro, ga shi nan kyauta a ɗakin Baba.

Ba ka yi fushi ba. Ka zaunar da ni gindin bedin ƙofar gida ka yi mani bayani, kuma wallahi na gane, shi ne ma abin da ya fi ci mani rai yanzu, don ba zan iya fakewa da jahilci ba. Ka ce kowane sauro yana ɗauke da ƙwayoyin gado dubbai a jikinsa, amma ba duka ke aiki lokaci guda ba. Ka kawo misali da kasuwar Kankara, ka ce rumfuna suna nan kullum, amma wanda ya san gari, in ya dubi waɗanda ke buɗe da waɗanda ke rufe, zai gaya maka abin da ake ciki. In macen sauro ta sha jini, waɗansu rumfuna su buɗe don narkar da shi da yin ƙwai. In ƙwayar shawara ta biyo jinin ta sauka a cikinta, waɗansu daban su buɗe don yaƙi da ita, ita kuma ƙwayar ta lallaɓa ta rufe waɗansu don ta samu sararin hayayyafa, ta ratsa hanji, ta isa yawun bakin sauron cikin kwana goma ko fiye, daga nan duk wanda aka ciza ya kwasa. Sauron bai mutu ba, bai kwanta ciwo ba, amma cikinsa ya canza. Ka ce aikinka shi ne ka karanto waɗanne rumfuna ke buɗe daidai lokacin da aka kama shi, ka gwama na gidajen da ake ciwo da na gidajen da ake lafiya, ko Allah zai sa a gane inda za a tare cutar tun tana cikin sauro. Ka ce alamar buɗewar nan ba ta da ƙarko, nan da nan take lalacewa, shi ya sa da an kama shi sai a jefa cikin ruwan kwalba a toshe, a sa a sanyi.

Sai ka ɗaga yatsa irin yadda Baba ke yi, ka ce abu guda ne zai kashe aikin, shi ne hayaƙi ko feshi. Ka ce sauron da ya shaƙi guba, ko da ta ganye ce, yana buɗe rumfunan wanke guba, su kuma su rikita karatun gaba ɗaya. Kowace kwalba da takardarta, a ƙasan takardar kuma da tambaya ko an yi hayaƙi ko feshi a ɗakin cikin kwana uku. In an yi, in rubuta e, za ka ware ta gefe. Ka ce gara kwalba goma masu tsabta da ɗari masu shakka. Sannan ka ce in aikin ya fita za a buga sunana a ciki, a jerin waɗanda suka yi bincike. Na ce maka me sunana zai je yi a takardar Turawa, amma a baki ne kawai, maganar ta shige ni. Ranar har na gwada rubuta sunan da manyan baƙaƙe a bayan wani tsohon katin rigakafi.

Bayan ka tafi, gidajen da ake lafiya ba su ba ni wata wahala ba sai ta ƙirji da gwiwa. In roƙi matar gida ta daure kwana uku kada ta kunna komai, su yi ta dariya suna cewa ga mai kiwon sauro ta iso, ni kuma in rarrafa ƙarƙashin gado da tocila ina zuƙa. Sauron nan ya fi ɓarawo wayo, sai in yi rabin wuni in kama shida. Rabo ya goya ni a mashin mu shiga Kankara mu sabunta sanyin akwatin, duk mako kuma abokin aikinka na Zariya ya aiko a amsa. Waɗannan kwalabe na gidajen lafiya, ko gaban Allah zan faɗa, masu tsabta ne.

Gidan ciwo na farko da na yi, nawa ne. Ka san Amatullah ta kwanta a daminar, amma ba ka san yadda na yi ba. Tana kwance idonta ya rine, tana amai, ni kuma na hana a kunna komai a ɗakin har kwana uku, saboda kai. Na rataya mata gidan sauro, amma zafin zazzaɓi bai barinta ta natsu a ciki, sai ta yi ta fiddo hannu da ƙafa. Ina zaune da la'asar na ga sauro ya sauka bisa ƙaurinta. Maimakon in kashe shi, sai na jira ya ƙoshi, ya tashi ya lafe a bango, sannan na zuƙe shi. Ta buɗe ido ta gan ni da bututu a baki, ta tambaye ni ko maganinta nike haɗawa. Na ce mata e. Allah ya tashi kafaɗunta, mun gode mashi, amma ni daga ranar na ji na tsani bututun nan. Kwalba huɗu na samu a ɗakin.

Bayan 'yan kwanaki aka aiko daga Yargoje cewa surukar Gwaggo Baraka ta kwanta, wato Shafa'atu matar ɗanta Gide, tana cikin jego. Na je da akwatina. Tun daga zaure na ji ƙamshin daddoya. Gwaggo ta cika kasko da garwashi, ta zuba daddoya da ganyen bedi da ɓawon lemu, ta rufe ɗakin tun magaribar jiya, kamar yadda iyayenmu ke yi wa majiyyaci tun ba a haife mu ba. Na buɗe baki na ce ko za a fitar da kaskon a ba ni kwana uku. Ka san Gwaggo, ba ta ɗaga murya ba, sai ta ce in sake faɗa mata da bakina, ta bar sauro ya ci yarinya mai jego da jaririyar kwana ashirin don ƙanena ya samu takarda. Ta ce in ma sauron nike so ai ga shi nan hayaƙi ya bugar da shi, in duba bango. Na duba. Sadiƙ, sun lafe a bango da bisa labule, da ransu, amma jiri ya hana su tashi. Abin da nike yi a rabin wuni na ninka shi kafin a ida dama mani fura. Arba'in da ɗaya na kama ranar. Shafa'atu ta rasu bayan kwana biyar, Allah ya jiƙanta, kai ma ka yi wa Gide gaisuwa a waya.

Daga nan ban sake buɗe baki na hana kowa hayaƙi ba. Duk gidan da ake ciwo hayaƙi za ka iske, don wa zai aje majiyyaci a ɗaki ba kasko? Waɗansu daddoya, waɗansu maganin sauro na kunnawa, a wani gida can wajen Sabuwa har fiya-fiya, gubar ƙwarin nan, suka yayyafa a ƙasa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a kan wannan ban jin na yi laifi, ko yau aka maimaita haka zan yi. Laifina yana wurin biro. In zauna a zaure, takarda bisa gwiwa, in zo kan tambayar nan, in rubuta a'a. A ta farko sai da na aje biron sau biyu. Zuwa ta biyar ko gezau. Na riƙa gaya wa kaina ai ganye ne ba guba ba, ai hayaƙin ya washe kafin in shiga, ai ruwan kwalba zai wanke komai. Gaskiyar magana kuwa, da na rubuta e, da kwalba huɗu kawai zan aiko maka daga gidajen ciwo, ka ce Yaya ta kasa. Ga shi kana ta yabona a waya, kana cewa malaminka ya yi mamakin yawan da na tara, har ya tambaya wace jami'a na yi. Yabon nan ya yi mani daɗi, na sha shi har na manta abin da na saye shi da shi. Son a sani ne ya ja ni, ba wani abu ba.

Kuma Allah bai bar ni ba dama. Bara, wajen kaka, ka kira ni ka ce malaminka na son a ƙara tabbatarwa, ka tambaye ni cikin ladabi ko na tabbata babu ɗakin da aka yi hayaƙi. Ka tuna abin da na yi? Na hau ka da faɗa. Na ce ni da na rarrafa ƙarƙashin gadajen mutane ina zuƙar ƙura saboda kai, yau ni kake tuhuma. Ka yi ta ba ni haƙuri, kana cewa Yaya ba haka kake nufi ba, har washegari ka sake kira ka ji ko na huce. Duk abin da na yi a cikin maganar nan, wannan ne ya fi hana ni sukuni, mai laifi ta sa mai gaskiya ya roƙe ta gafara.

Daga nan maganar ta kwanta, har na fara mantawa. Sai saƙon muryarka na makon jiya. Ban taɓa jin ka cikin murna haka ba, kana haɗa Hausa da Turanci kana tuntuɓe. Ka ce sakamako ya fito fes. Sauron gidajen ciwo, mai ɗauke da ƙwayar shawara, rumfunansa na wanke guba a wangale suke, na gidajen lafiya kuwa a rufe. Ka ce ba ku san wanda ya taɓa ganin haka a sauron da aka kamo daga ɗakunan mutane ba, ma'ana ƙwayar ce ke buɗe su, kuma in haka ne sauro mai cuta zai fi jure maganin feshi, dole a sake tunanin yadda ake feshi lokacin annoba. Ka ce wannan shi ne ginshiƙin kundinka. Har ka yi dariya ka ce gida ɗaya ne ya ƙi bin sahu, kwalabe huɗu na farko, kuma kun yanke a ɗauke su kuskure a aje gefe. Ina tsaye a madafa na sake kunna saƙon. Kwalabe huɗun nan na ɗakina ne. Su kaɗai ne gaskiya a cikin na gidajen ciwo, kuma su za ku yar.

Ni ban san aikinku ba, wataƙila ƙwayar ma tana yin abin da ka ce. Amma kai da bakinka ka gaya mani abin da hayaƙi ke buɗewa, kuma duk inda ciwo yake nan hayaƙi yake, to da me za ka raba su? Kwana biyar na yi ina kokawa da zuciyata. Ta ce in yi shiru, wa zai sani, malaman Malesiya ba za su zo Yargoje su shinshina labule ba. Ta ce in bari ka kare ka dawo, Baba ya gan ka, sannan in faɗa. Wannan ta biyun ita ta fi ƙarfi, kuma saura kaɗan in bi ta. Amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Na tuna ka ce za a iya canza yadda ake feshi saboda takardarka. In aka canza bisa ƙaryata, wata Shafa'atun ta mutu a wani gari, wa za a tambaya ranar gobe? Kuma in wani ya maimaita aikin bai ga abin da ka gani ba, ba Suwaibatu ta Mabai za a kira maƙaryaciya ba, kai za a kira, kuma sunan zai bi ka duk inda ka nemi aiki.

Na so in ce zan sake tara maka wasu, amma babu hali. Shawarar ta wuce, Allah kada ya maimaita, an bi gari-gari an yi rigakafi, kuma ƙauyuka uku cikin waɗanda na shiga yanzu ba kowa, 'yan daji sun tashe su. Abin da na iya yi shi ne na ciro tsohon littafina na yawo, inda nike rubuta lambar kwalba da sunan gida, na bi matan ɗaya bayan ɗaya. Waɗansu na iske su a gidajensu, waɗansu a Kankara inda suke zaman gudun hijira, na wajen Sabuwa kuwa Grace, abokiyar aikina ta rigakafi, ita ta tambayo mani. Mace ba ta manta abin da ta ƙona a kan majiyyacinta. Gida ashirin da uku ne na ciwo. Sha huɗu daddoya da bedi, shida maganin kunnawa, biyu fiya-fiya, ɗaya babu komai. Jerin yana bayan takardar nan, da lamba da rana, wanda ban tabbata ba na sa mashi alamar tambaya. Ban sani ba ko zai yi maka amfani. Na ce ko a cikin kwalaben hayaƙin akwai sauron da bai ɗauki ƙwayar ba, ka gwama shi da 'yan uwansa na ɗaki ɗaya, tunda hayaƙi ɗaya suka sha. In shirme na faɗa ka yi watsi da shi, kai ne malamin.

Abin da nike roƙo, ka kai wa malaminka maganar da kanka kafin ranar. Ka ce yayarka ce ta yi, ba kai ba. In yana son ji daga bakina ka haɗa mu a waya ka yi mana tafinta, zan faɗa ba ragi. Sunana kuwa ka cire shi daga takardar, ban cancanta ba. Ban ce ka yafe mani yanzu ba. Ka yi fushinka, ka ƙi ɗaukar wayata wata guda ko shekara, haƙƙinka ne. Ni ce na goye ka bayan rasuwar Inna, ni ce na zane ka da tsumagiya kana aji uku don ka ce ka kai awaki kiwo alhali ƙwallo ka tafi, na ce a gidan nan ba a ƙarya. Ka ga inda mai tsumagiyar ta ƙare. Kunya nike ji, Sadiƙ, irin wadda ban taɓa ji ba tun da nike.

Jiya na gaya wa Baba. Tun da ka sa rana, kullum in na kai mashi kunun safe sai ya tambaye ni saura kwana nawa. Jiya da ya tambaya sai na durƙusa na faɗa mashi komai, tun daga ɗakin Amatullah har jerin gidajen. Kunun ya huce a gabansa bai taɓa shi ba. Sannan ya tambaye ni, in ka faɗa wa malamanka gaskiya, gyaran zai ci kwana nawa. Na ce ban sani ba, amma na taɓa jin ka ce irin wannan aiki in aka komo da shi baya yana cin shekara. Ya sake tambaya ko za ka iya yin shiru ka kare a haka. Na ce za ka iya, babu wanda zai gane yanzu. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na ji sauƙi. Cewa ya yi in rubuta maka, in ce in ji shi ka tsaya ka gyara aikinka, kada ka kuskura ka kamo hanya da takardar da ka san da rami a ƙarƙashinta saboda idonsa. Ya ce in ka zo ka iske idon ya ida tafiya, ka matso kusa da shi, zai shafa fuskarka da hannu ya gane ka. Yau da safe na kai kunu, ya amsa, ya sa mani albarka, bai tambaye ni kwana ba.

Rabo da Ummu Salma suna gaishe ka ƙwarai, haka maigidana Malam Badamasi. Gwaggo Baraka ta ce a gaishe ka, Gide ma haka, yarinyar da Shafa'atu ta bari tana nan tana gudu ko'ina. Amatullah ta ce in gaida mata Kawu, ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba, zan gaya mata da kaina. Ka gaida malaminka, in gaisuwata za ta amsu a wurinsa. Allah ya ba ka ikon ɗaukar abin da na aza maka, ya fid da kai kunya, ya ja wa idon Baba kwana.

Wassalam.

Yayarka da ta ɓata maka,
Suwaibatu.